Sanin Karatu Daban, Sanin Abin da Aka Tambaya Daban

Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito, na sakandare ne ko na jami'a, akwai wani rukunin ɗalibai da ƙarancin makinsu ke ɗaure wa kowa kai. Su ne masu zama a sahun gaba, masu kwana a kan littafi, waɗanda ranar jarrabawa suke cika takardar amsa har su ɗaga hannu a ƙaro musu wata. Sai sakamako ya fito a ga abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Daga nan zargi ke tashi: malamin mugu ne, ko bai karanta takardar ba, ko an yi musanyar maki. Ba na musun cewa ana samun irin wannan. Amma duk wanda ya taɓa zama ya duba takardun ɗalibai da idon basira ya san cewa galibi ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗalibin ya san karatun sarai. An dai tambaye shi abu ɗaya ne, shi kuma ya amsa wani.

A kowace tambayar jarrabawa ko jinga akwai wata kalma, yawanci a farkon jimla take, wadda ke faɗa wa ɗalibi irin aikin da ake so ya yi da abin da ya sani: jero, siffanta, bayyana, kwatanta, feɗe, tattauna, auna. Ita ce kalmar umarni. Ra'ayina shi ne rashin koyar da waɗannan kalmomi ƙarara yana cikin manyan giɓoɓin karatun bokonmu, yana cinye makin yara masu ƙwazo kowace shekara, kuma laifin ya fi ƙarfin a jibga wa ɗalibi shi kaɗai.

Gaɓoɓi uku na tambaya

Mu ɗauki tambayar da ɗalibin tarihi zai iya cin karo da ita a Zariya ko Kano ko Sakkwato: "Tattauna rawar da matsalolin tattalin arziki suka taka wajen ɓarkewar jihadi a ƙasar Gobir a 1804." Wannan jimla tana da gaɓoɓi uku. Akwai batu, wato musabbabin jihadin. Akwai iyaka, wato tattalin arziki, da Gobir, da lokacin da aka ambata. Akwai kuma umarni, wato tattauna.

Abin da yawancin ɗalibai ke yi shi ne, da idonsu ya faɗa kan kalmar jihadi sai alƙalami ya kama gudu. A fara da haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta a 1754, a ambaci malaminsa Malam Jibrin ɗan Umar, a zo zaman Degel, a wuce hijira zuwa Gudu, a kawo yaƙin Tabkin Kwatto, a kai ga faɗuwar Alkalawa a 1808, a rufe da rasuwar Shehu a 1817. Shafi huɗu cur, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma mai duba takarda yana riƙe da tsarin ba da maki, kuma abin da ke cikin tsarin nan shi ne jangali da sauran haraje-haraje, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da ƙwacen dukiyar talakawa, da halin da makiyaya da manoma suke ciki, sannan da auna waɗannan da dalilan addini da na siyasa. Zai bi shafi huɗun nan yana laluben inda zai ɗora maki, ya rasa.

Lamarin kamar wanda ya kai wa tela shadda ne ya ce a ɗinka masa babbar riga, ya dawo ya tarar da kaftani. Yadin nasa ne, ɗinkin ya yi kyau, amma ba zai biya kuɗin babbar riga ba. Ilimin da ke kan ɗalibi shi ne yadin, kalmar umarni ita ke faɗin abin da za a ɗinka.

Daga hadda zuwa yanke hukunci

Waɗannan kalmomi ba a zube suke kara zube ba, suna da matakai. A 1956 wani masanin ilimin koyarwa a Jami'ar Shikago ta Amurka, Benjamin Bloom, tare da abokan aikinsa, sun fitar da wani tsari da ya kasa ayyukan tunani gida shida, daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. A 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl suka jagoranci sabunta shi, matakan suka koma: tunawa, fahimta, aiki da abin da aka sani, feɗewa, aunawa, da ƙirƙira. Duk wanda ya bi ta kwalejin ilimi ko tsangayar ilimi ya gamu da wannan tsari, kuma a kansa masu tsara manhaja da masu shirya tambayoyi suke dogara. Abin takaici, malami ya san tsarin, ɗalibin da ake auna shi da tsarin bai taɓa jin labarinsa ba.

A matakin farko akwai jero, kawo, ambaci, faɗi, waɗanda takardun Turanci ke kira "list" ko "state" ko "mention". Nan ba a neman dogon zance. In an ce kawo cututtuka uku da sauro ke yaɗawa, to uku ake so, kowace a layinta. Wanda ya kawo bakwai bai ƙara maki ba, wanda kuma ya tsaya ba da labarin kowace ya ci lokacin da zai buƙata a tambaya ta gaba. Ba da ma'ana ma a nan yake: jimla ɗaya ko biyu da ke killace abu, ta raba shi da makamantansa. Misali ba ya maye gurbin ma'ana. In aka ce ba da ma'anar zaizayar ƙasa, ɗalibi ya ce kamar yadda ruwa ke yanka kwazazzabo a gonaki, ya nuna ya san abin, amma bai ba da ma'anarsa ba.

Inda aka fi yin asara shi ne tsakanin "describe" da "explain", domin a bakinmu na yau da kullum duka biyun bayani muke ce musu. Na farko siffantawa ne: yaya abin yake, me ya fara faruwa, me ya biyo baya. Na biyu fito da dalili ne: me ya sa, ta wace hanya. In aka ce siffanta abin da ke faruwa da dawa a gonar da wuta-wuta ya kama, sai ka ce tana tsumburewa, ganyenta ya yi rawaya, zangarniya ta ƙanƙance ko ta ƙi fita. In aka ce bayyana, dole ka shiga ƙarƙashin ƙasa: ƙwayar wannan ciyawa tana tsiro ne idan ta ji sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa, sai ta manne wa saiwar tana zuƙe ruwa da abinci tun kafin ta leƙo sama, shi ya sa ɓarnar ke riga ganin furenta. Amsar da aka nemi dalili a cikinta, in ka duba ba ka ga "saboda" ko "domin" ko "wannan ne ya jawo" ba, to akwai alamar ba ta kai inda aka aike ta ba.

Kwatanta kuwa tana da tarkonta. A ce wa ɗalibin adabi ya kwatanta *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, littattafai biyu da suka fito daga gasar rubutun da aka shirya a 1933. Abin da aka saba gani shi ne shafi biyu na labarin littafin farko, sai shafi biyu na labarin na biyu, sai a ja layi. Wannan taƙaitawa biyu ce aka jera, kwatanci bai auku ba. Mai kwatance sai ya fara zaɓen ma'aunai, sannan ya riƙa ɗora littattafan biyu a kan kowane ma'auni lokaci guda. Ta fuskar zubi, duka biyun labarin tafiya ne da tauraron ke bayarwa da bakinsa. Ta fuskar yanayi, na Imam cike yake da raha da wayo da abubuwan al'ajabi, na Tafawa Ɓalewa kuwa natsattse ne, mai sosa zuciya, wanda ya kafu a kan cinikin bayi da rabuwar uwa da ɗanta. Kowane sakin layi ya taɓo duka biyun. In kuma umarnin bambance ne, to bambancin kawai ake so, kawo kamanni ɓata lokaci ne.

Feɗewa, wadda Turawa ke kira "analyse", ita ce a warware abu gaɓa-gaɓa a nuna yadda gaɓoɓin ke aiki da juna. In aka ce feɗe bunƙasar noman gyaɗa a ƙasar Kano a farkon ƙarni na 20, bai isa a jero isowar jirgin ƙasa a 1911, da harajin da Turawa suka ce a biya da kuɗi, da buƙatar man gyaɗa a masana'antun Turai, da fatake 'yan ƙasa masu shiga ƙauyuka suna saye ba. Sai an nuna yadda jirgin ya sauƙaƙa kai kaya bakin teku har farashi ya yi wa manomi daɗi, yadda haraji ya tilasta masa neman amfanin gona mai kawo kuɗi, da yadda fataken suka zama gada tsakanin gona da kamfani. Jeri yana nuna sani, haɗa zaren ne ke nuna fahimta.

A can ƙololuwa akwai tattauna, da auna, da tambayoyin da ke farawa da "har zuwa wane mataki". Waɗannan duk suna gaya wa ɗalibi abu ɗaya ne: maganar nan akwai saɓani a cikinta, kawo ɓangarorin, ka sa kowanne a sikeli, sannan ka tsaya a wuri ɗaya da hujja. A koma ga tambayar Gobir. Amsa mai kyau za ta kawo hujjojin masu ganin zaluncin haraji da ƙwace ne ya tara wa Shehu jama'a, ta kawo na masu ganin kiran gyaran addini ne ginshiƙi, ta duba takun-saƙar da ke tsakanin jama'ar Shehu da sarakunan Gobir daga Nafata zuwa Yunfa, sannan marubucin ya faɗi nasa matsayi. Masana irin su Murray Last da Yusufu Bala Usman sun yi rubuce-rubuce masu zurfi a kan wannan zamani, kuma ba ta kusurwa ɗaya suka kalle shi ba. Ɗalibin da aka ce ya tattauna, gayyatarsa aka yi ya shiga wannan zaure ya zauna. Amsar da ta ƙare ba tare da hukunci ba, ta tsaya a bakin ƙofa.

Akwai wata kalma da ake yawan liƙa wa irin waɗannan tambayoyi, wato "critically". Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa umarni ne na kushe da tono aibu. Abin da ake nufi shi ne kada ka karɓi magana don kawai an buga ta a littafi: duba hujjarta, duba wanda ya faɗe ta da lokacin da ya faɗa, faɗi inda ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni.

Kada ɗaliban kimiyya su ɗauka wannan matsalar 'yan tarihi da adabi ce kawai. Faɗi dokar Ohm daban, bayyana ta daban, siffanta gwajin da zai tabbatar da ita daban. A lissafi, in aka ce nuna cewa kaza daidai yake da kaza, an riga an ba ka amsa, makin duk yana kan matakan da ka bi. Wanda ya tsallake matakai ya rubuto sakamakon ƙarshe ya mayar wa malami abin da malamin ya ba shi ne kawai.

Ina ruwan ya tsami?

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne harshe. Yaron da ya tashi da Hausa a gida da unguwa, ya shiga makarantar da ake koyarwa da Turanci, yana fama da nauyi biyu: na darasi da na harshen darasi. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a fara koyarwa da harshen uwa a shekarun farko na firamare sannan a koma Turanci, amma wannan sauyi ba a cika yin sa da tsari ba. Sakamakon haka yaro yakan haddace manyan kalmomin fanni, ya san sunayen sassan fure da na ƙwayar halitta, amma ƙananan aikatau da ke riƙe da linzamin tambaya ba wanda ya tsaya ya warware masa su. Kowa na ɗauka wani ya riga ya koyar. Malamin Turanci na ganin aikin malamin tarihi ne, malamin tarihi na ganin aikin malamin Turanci ne.

Na biyu shi ne yadda muka mayar da karatu hadda da juyewa. Malami ya karanto, ɗalibi ya rubuta, ranar jarrabawa ya mayar. A irin wannan tsari kowace tambaya fassara ɗaya gare ta a kunnen ɗalibi: rubuta duk abin da ka sani game da kaza. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, wadda ake yi ta zaɓen amsa a kwamfuta, tana da nata amfanin, amma ba ta neman yaro ya gina jimla ko ya kare ra'ayi. Sai ya shigo jami'a a zangon farko a ce masa ya auna wata manufa ta gwamnati, alhali bai taɓa yanke hukunci a rubuce ba a rayuwarsa.

Wannan ba hasashe ba ne. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana fitar da rahotannin manyan masu duba takardu bayan jarrabawa, darasi-darasi. Cikin koke-koken da ke yawan maimaituwa a rahotannin akwai rashin fahimtar abin da tambaya ke nema, da rashin bin umarni, da jero batutuwa ba tare da bayani ba a inda aka nemi bayani. Rahotannin suna nan, amma malamai nawa ne ke karanta su, balle su kai su aji?

Na uku, kuma wanda ba a son faɗa, shi ne mu duba ɓangaren malamai. Akwai malamin da zai rubuta tattauna a takardar tambaya, amma tsarin makinsa jerin batutuwa biyar ne daga takardar darasin da ya raba. Ɗalibin da ya yi ainihin tattaunawa, ya kawo ra'ayin da ya saɓa wa na malam, sai ya samu ƙasa da wanda ya juye hadda. Ɗalibai kuwa ba su da wauta. In suka gwada sau ɗaya suka ga abin da ke biya, sun koyi darasi: kalmar umarni ado ce, abin da malam ya faɗa a aji shi ne amsa. Daga ranar an kashe musu ƙwarin guiwar tunani. Na san uzurin da ake kawowa, kuma uzuri ne mai ƙarfi: malami ɗaya da ɗaruruwan takardu, da wa'adin miƙa sakamako a wuyansa, duba jeri ya fi masa sauƙi a kan bin hujja. To amma in jeri ake so, a rubuta jero. Tambayar da ta faɗi abu ɗaya aka duba ta da wani ma'auni, zalunci ce ko da ba a yi niyya ba.

Ko a takardun da ake shiryawa da Hausa matsalar tana nan. Yi bayani, yi sharhi, yi tsokaci, tattauna, me ka fahimta da kaza: sau da yawa ana amfani da su kamar ma'anarsu ɗaya. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i da kwalejoji sun yi aiki mai yawa wajen daidaita kalmomin nahawu da adabi. Kalmomin tambaya ma sun cancanci irin wannan kulawa.

Ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan

Wani zai ce wannan rarrabewa duk tsarin Turawa ne, mu al'adarmu ta karatu hadda ce. Wannan magana rashin adalci ce ga tarihinmu. Gaskiya ne karatun allo hadda ne, kuma haddar tana da muhallinta da darajarta. Amma wanda ya wuce zuwa karatun zaure, ya ɗauki *Ahalari* da *Iziyya* da *Risala* har zuwa *Askari*, ya san bambancin matani da sharhi da hashiya. Ya san ta'arifin abu daban ne da hukuncinsa, hukunci daban ne da dalilinsa, kuma kawo saɓanin malamai daban ne da rinjayar da ɗaya daga cikin maganganunsu. Almajirin da malaminsa ya tambaye shi dalili ya maimaita hukunci, nan take za a gyara masa.

Shugabannin jihadin da muke ba da misali da su ma haka suka yi rubutu. *Kitabul Farƙ* da ake jingina wa Shehu aikin bambancewa ne tun daga sunansa, inda aka jera tsarin mulki biyu ana nuna inda suka rabu. Muhammadu Bello kuwa, a *Infaƙul Maisuri*, ya kawo wasiƙun da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya aiko yana ƙalubalantar halaccin yaƙar Barno, sannan ya kawo amsoshin ɓangarensa. Mutum ya adana hujjar abokin jayayyarsa a cikin littafinsa kafin ya mayar da martani: wannan ita ce tattaunawar da ake nema a jami'a a yau. Abin da ya ɓace mana gado ne, ba kayan aro ba.

A ƙetaren iyaka, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da ke karatu da Faransanci suna da wani abin koyi. A tsarinsu ana ware lokaci a aji don koyar da dabarar amsa kanta: yadda ake taƙaita nassi, yadda ake yi masa sharhi mai tsari, da yadda ake gina maƙalar muhawara, a fito da matsalar da ke ƙunshe cikin tambaya, a kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, a nemi matsaya. Shi ma wannan tsari yana iya komawa hadda in aka riƙe ƙwarangwal aka bar tunani. Duk da haka ɗalibin ya shiga ɗakin jarrabawa da sanin cewa kowane nau'in tambaya da irin ginin da yake buƙata.

Wani ƙorafi da ya cancanci amsa

Akwai malaman da ke tsoron cewa koyar da waɗannan kalmomi zai haifar da sabuwar hadda, yara su haddace cewa tattauna na nufin kawo amfani uku da illa uku, su riƙa zuba kowane batu a wannan mazubi. Tsoron yana da tushe. Haka kuma kalmomin ba su da ma'ana guda tilo a kowane fanni: feɗe waƙa daban ne da feɗe alƙaluman ƙididdiga, kuma abin da lauya ke nufi da tattauna shari'a ya sha bamban da na masanin tarihi. Amma maganin wannan shi ne a koyar da kalmomin a cikin kowane fanni da misalansa, a nuna wa ɗalibi amsa biyu a kan batu ɗaya, ɗaya siffantawa ɗaya aunawa, ya ga bambancin da idonsa. Barin yara cikin duhu don gudun kada su yi hadda gudun gara ne a faɗa gidan zago. Manyan hukumomin jarrabawa na waje, irin su Cambridge ta Ingila, suna buga jerin kalmomin umarninsu tare da abin da suke nufi da kowace, don malami da ɗalibi da mai duba takarda su tsaya a kan fahimta ɗaya. Ba su ɗauki hakan a matsayin fallasa sirrin jarrabawa ba.

Zamanin da muke ciki ma ya ƙara wa maganar nauyi. Yau jero da ba da ma'ana aiki ne da waya ke yi cikin daƙiƙa, ko ta binciken intanet ko ta manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Abin da ya rage mai daraja a hannun mai digiri shi ne iya auna magana da yanke hukunci. Likitan da aka ce ya tantance halin majiyyaci, da injiniyan da aka ce ya kwatanta hanyoyi biyu na gina gada, da ma'aikacin da shugabansa ya ce ya taƙaita rahoto a shafi ɗaya, duk kalmar umarni suke amsawa. Wanda bai koyi sauraronta a makaranta ba zai biya kuɗin rashin sanin a wurin aiki.

Abin yi

Ga ɗalibi, kafin alƙalaminka ya taɓa takarda, karanta tambaya sau biyu. Ja layi ƙarƙashin umarni, kewaye batu, yi wa iyaka alama: guda nawa, a ina, a wane zamani, ta wace fuska. Duba ko umarnin ɗaya ne ko biyu, domin tambaya irin "siffanta kaza sannan ka auna tasirinsa" aiki biyu ce, kuma galibi rabin na biyu ya fi tsoka. Duba makin da aka ware: tambayar maki biyu ba ta son shafi, ta maki ashirin ba ta son layi uku. Sannan ka maimaita wa kanka tambayar da Hausa, da kalmominka. In ka kasa faɗin abin da ake so da harshenka, ba ka shirya amsawa da harshen wani ba. In jinga ce aka ba ka ka tafi da ita gida, kuma umarnin ya shige maka duhu, je ka ce, "Malam, a nan jero kake so ko aunawa?" Matambayi ba ya ɓata, kuma malamin kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya.

Ga malamai, ku zaɓi kalmar umarni da irin kulawar da kuke zaɓen batu, kuma ku rubuta tsarin maki da ya dace da ita. Ku ware darasi ɗaya a farkon zango ku warware kalmomin da za ku yi amfani da su, da Hausa in ta kama, domin fahimta ake nema. Idan kun mayar da takarda, jimla ɗaya irin "ka siffanta, ba ka bayyana dalili ba" ta fi jan biro a gefen shafi amfani.

Ga hukumomin makarantu da ma'aikatun ilimi da sassan jami'o'i, ku fitar da taƙaitaccen jerin kalmomin umarni da ma'anoninsu, da Turanci da Hausa, a liƙa a ajujuwa tun daga ƙaramar sakandare, a sa shi cikin darussan share fage na shekarar farko a jami'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan gyara ba ya buƙatar sabon gini ko kasafin biliyoyi, takarda ɗaya ce da niyya. Yaron da iyayensa suka sayar da amfanin gona suka biya masa kuɗin jarrabawa yana da haƙƙin a gaya masa ma'aunin da za a auna shi da shi, kuma sauke wannan haƙƙi yana wuyanmu.